Mai Mota Ya Koyi Kiwon Motarsa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku malamanmu masu daraja, muna roƙon ku saurara mana game da wata magana wadda mu ke ganin an yi mata riƙon sakainar kashi. Maganar kuwa ita ce, ya wajaba ga duk wanda ya mallaki mota, ko ya ke sa ran mallakarta wata rana, ya koyi yi mata 'yan ƙananan hidimomi da hannunsa a ƙofar gidansa. Mun lura da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatun zamani iyakar saninsu ga mota shi ne murɗa mabuɗi da riƙe sitiyari. In ta yi tari ta tsaya a daji, sai ka ga malami da babbar riga ya buɗe bonet ya tsura wa inji ido, kamar baƙauyen da aka miƙa wa takardar Turanci. A ganinmu wannan gibi ne cikin ilmin mutum, ya kuwa kamata a cike shi.

Mu dubi yadda kakanninmu suka riƙe dawakinsu. Mai doki, komi sarautarsa, ko da yana da bara mai yankan ciyawa, ba ya kwana bai leƙa barga ba. Ya kan ɗaga kofato ya duba, ya shafa baya ko sirdi ya yi masa miki, ya san lokacin ba da kanwa da dusa, ya san ranar da dokin ya ƙi cin harawa. Ba wanda ya taɓa cewa wannan ya rage masa girma. Hasali ma wanda bai san waɗannan ba shi a ke yi wa dariya ran hawa. To, mota ita ce dokin yau, ta ma fi doki tsada, ta fi shi gudu, ta kuma fi shi saurin hallaka mai ita. Ina dalilin da za mu gaji hawa mu bar kiwo?

Mun sani abin da ya fi hana mutane shi ne girman kai, watau a ce baƙin mai da sifana ba su dace da mai alƙalami ba. Bari mu kawo misali biyu. A shekarar 1886 wani Bajamushe, Karl Benz, ya sami takardar shaidar ƙera motarsa mai ƙafa uku. A watan Agusta na 1888 matarsa Bertha ta ɗauki motar tare da 'ya'yanta maza biyu, ta tashi daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar wajen kilomita 106, a zamanin da babu gareji ko gidan mai ko ɗaya bisa hanya. Da bututun mai ya toshe ta zare allurar hularta ta buɗe shi. Da katakon birki ya cinye ta sa wani baduku ya buga masa fata. Man da ta ƙara ma a kantin magani ta saye shi, a garin Wiesloch. Tafiyar farko mai nisa da aka yi da mota a duniya ke nan, ba ta kuwa yiwu ba sai don mai tuƙin ta san abin da ta hau. Na biyu, a shekarar 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Gimbiya Elizabeth 'yar Sarkin Ingila, tana da shekara 18, ta shiga rundunar mata masu taimakon soja, aka koya mata tuƙin manyan motoci, da canja taya, da gyaran inji. Wannan bai hana ta hawa gadon sarauta a 1952 ba. In 'yar sarki ta riƙe sifana ba ta ƙasƙanta ba, ina ga malamin makaranta?

Kada wani ya zaci muna nufin kowa ya zama bakanike. Abin da mu ke nufi kaɗan ne, ba ya kuwa cin fiye da sulusin sa'a a mako. Ga shi dalla-dalla.

Na fari shi ne baƙin mai. Cikin inji ƙarafa ne ke gugar juna sau dubbai ko wane minti, ba abin da ke hana su cinye juna sai ɗan siririn man da ke shiga tsakaninsu. A ajiye mota a wuri mai daidai, a kashe ta, a ba ta ɗan lokaci man ya koma ƙasa. Sa'an nan a zaro sandar gwaji, a goge ta da tsumma, a mayar, a sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta, man ya kasance tsakaninsu, kada ya gaza ta ƙasa, kada ya zarce ta bisa. In an ga man ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, sai a nemi bakanike. In kuwa ana cikin tafiya jar fitilar mai ta kama a gaban direba, a tsaya nan take a kashe inji. Wanda ya ce bari ya ƙarasa gari, sau da yawa ba ya ƙarasawa sai injin ya buga, kuɗin da zai kashe kuwa ya ninka kuɗin galan ɗin mai sau da yawa. Lokacin juye mai yana rubuce cikin littafin da masu ƙera motar suka bayar, su kan kuma gajarta shi ga ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu.

Na biyu ruwan lagireto. A duba shi da safe, injin yana sanyi. Kowa ya sani ruwa yana tafasa a digiri 100, amma cikin lagireto a matse ya ke, saboda haka zafinsa ya kan wuce nan bai tafasa ba. Wanda ya kwance murfin injin na da zafi ya saki matsin nan, sai ruwan ya yi tsiri ya ƙona masa fuska da hannu. Ruwan rijiya kuma ya kan bar tsatsa da ƙanzo cikin hanyoyin, don haka ruwan nan mai launi da a ke sayarwa domin wannan aiki shi ya fi. Tun da an buɗe bonet, a taɓa fanbel a ga ko ya saki ko ya fara tsagewa, a dubi robobin ruwa ko suna zufa.

Na uku taya, ita ce kuwa ta fi komi kusa da ran mutum, domin duk nauyin mota da gudunta suna bisa wuri huɗu ne, ko wane bai fi tafin hannu ba da yawa. A gwada iska da geji tun tayar tana sanyi. Adadin da ya dace yawanci yana manne a jikin ƙofar direba. Tayar da iskarta ta gaza ta kan yi zafi ta fashe, tana kuma ƙara shan mai, ga shi tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a 2023 ba mai kuɗin zubarwa. A dubi zanenta. A Ingila da ƙasashen Turai doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, domin sulɓaɓɓiyar taya ba ta kama titi da damina. Har wa yau ko wace taya da aka yi tun daga shekarar 2000 tana ɗauke da ranar haifuwarta, lamba huɗu a gefenta. In ka ga 2319, an yi ta cikin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan sani yana da amfani ƙwarai gare mu, tun da ya ke yawancin tayoyin da a ke sayarwa da araha a kasuwanninmu an riga an more su a wata ƙasa, roba kuwa tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Masu ƙera taya da yawa sun yi gargaɗi kada a hau wadda ta wuce shekara 10. Kada kuma a manta da safaya, wadda a kan tuna da ita ran da a ke bukatarta, a tarar ba iska.

Sauran kuwa masu sauƙi ne. Inji yana shaƙar iska kamar mutum, yana da matata mai tare ƙura. Da hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari, matatar nan ta kan toshe da wuri, mota ta rasa ƙarfi. Buɗe gidanta a canja ta aikin 'yan mintoci ne. Batir kuma, in ka ga farin gari ya taru a kawunansa, a wanke da ruwan ɗumi a kankare da burushi. In za a kwance shi a fara da wayar da ke da alamar ɗebewa, in za a ɗaura ita ce ta ƙarshe, kada kuma a kusance shi da wuta ko taba, domin yana fid da iska mai kamawa. Man birki yana cikin 'yar farar roba, ana ganin iyakarsa daga waje. In yana raguwa da sauri akwai inda ya ke yoyo, motar nan kuwa kada ta fita. A ƙarshe a sa yaro ya tsaya a baya, a taka birki, a kunna sigina, ya faɗi fitilar da ta mutu.

Canja taya ma ya kamata a gwada shi a gida da rana tsaka, kafin dare ya koya wa mutum shi a hanyar daji. A ja birkin hannu, a sa giya, a tokare wata ƙafar da dutse. A sassauta notuna tun tayar tana ƙasa, kana a ɗaga da jak. In an sa safaya a ɗaure notunan ana tsallake na kusa ana kama na daura da shi, a sauke motar, sa'an nan a ƙara tamkewa.

Amma fa Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, mun kuwa yarda. Rabin wannan ilmi shi ne mutum ya san inda hannunsa zai tsaya. Kwance birki, da sitiyari, da giya, da cikin inji, aikin wanda ya yi shekaru yana koyo ne. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai, domin jak ya kan zame. Kada a bar inji yana aiki cikin ɗaki a rufe, domin hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar launi marar wari, mai kisa cikin barci. Tsohon baƙin mai kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya.

Wani zai ce motocin yanzu da kwamfuta su ke aiki, ba su taɓuwa. Gaskiya ne sun bambanta da Peugeot ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda bakanike zai kwance kafiretonta a gindin bishiya. Duk da haka motar yau ma tana bukatar mai, da ruwa, da iska a taya. Kwamfutar ma taimako ta zo da shi. Tun daga 1996 dokar Amurka ta sa ko wace sabuwar mota ta zo da wata kafa ƙarƙashin sitiyari, inda a ke jona 'yar na'ura ta faɗi lambar ciwon da ke damun inji. Motocin da a ke shigo mana da su yawanci suna da ita. Mai karatu shi ya fi kowa cancantar amfana da wannan.

Wani kuma zai ce za mu toshe wa makanikai hanyar abinci. Mu dai muna ganin akasin haka. Bakanike na ƙwarai ya fi son mai motar da zai ce masa, “Ƙarar daga ƙafar gaba ta dama ta ke fitowa, in na taka birki,” bisa ga wanda zai ce, “Ba ta dai jin daɗi.” Na farkon ya rage masa lalube. Wanda wannan sani zai ɓata wa ciniki shi ne maha'inci, mai canja abin da bai lalace ba, ko mai sa jabu ya karɓi kuɗin na gaske. Wannan kuwa ba mu ga dalilin tausaya masa ba.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da nauyi, ba kuɗi kaɗai ke ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa wajen mutum miliyan 1.19 ke mutuwa ko wace shekara a haɗarin hanya. Lalle gudu da ganganci su ne manyan dalilai, amma fashewar taya da tsinkewar birki ma suna da nasu rabo, su kuwa sau da yawa su kan yi sallama tun a gida, in da mai dubawa. Mu da mu ke koyon aikin malanta, gobe za a rarraba mu ƙauyuka masu nisa da gareji, inda motar malami, ko babur ɗinsa, ita ce za a buga wa ƙofa da tsakar dare a ɗauki mai naƙuda. Yara kuma abin da suka ga malaminsu yana yi shi su ke ɗauka da daraja. In sun gan shi ya naɗe hannun riga yana gwada mai, ba za su tashi suna raina mai sana'a ba.

Saboda haka muna ba da shawara ga hukumar wannan makaranta, in da hali, a samo wata tsohuwar mota da ta gama aiki a ajiye ta bayan ɗakin sassaƙa, tare da jak, da sifanu, da filaya, da geji. Ko wace Asabar da yamma a gayyato wani dattijon bakanike daga gari, a biya shi ladansa, ya koya mana, maza da mata, mu zauna gabansa da ladabi kamar yadda mu ke zama gaban ko wane malami. Wanda ba shi da mota yau yana da ta uba ko ta maƙwabci, icce kuwa tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Muna fata waɗanda ba su yarda da mu ba za su aiko da tasu hujja a fitowa ta gaba, mu ji.