Alƙalancin wani ɗan shekara 12 kan 'yan wasan Dodgers

Ranka ya daɗe Edita,

Shafinku na wasanni ba ya waiwayar besbol, alhali akwai yaran da suka ɗauke ta da zafi. Ga wani ɗan shekara 12, ɗan gani-kashenin Los Angeles Dodgers, wanda ya ware littafin makaranta guda yana ba 'yan wasa maki da jan biro a farkon kakar 2024.

Yoshinobu Yamamoto ne ya fara shan jan biron. Mai jifa ne ɗan Japan da aka ɗauko kan dala miliyan 325. Ranar 21 ga Maris, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, San Diego Padres suka zura masa maki 5 tun a zagayen farko, aka cire shi. Yaron ya rubuta masa sifiri, ya ce kuɗin sun bi ruwa. Ya yi garaje, domin a wasansa na gaba Yamamoto ya yi zagaye 5 ba a ci shi ko ɗaya ba.

Shohei Ohtani, mai kwantiragin dala miliyan 700, shi ma bai tsira ba. Wasa 8 ya yi bai buga ƙwallo ta haye katanga ba, sai ranar 3 ga Afrilu, a karawa da San Francisco Giants.

Gwanin yaron dai Mookie Betts ne, kuma a nan yana da hujja: wasa 4 a jere yana tsallakar da ƙwallo katanga, ga shi an sauya masa wurin tsayuwa a fili.

Don Allah a riƙa kawo sakamakon besbol, ko da layi biyu ne.

Wani mai karatunku