Garin katako a abinci: guba ko algus?

Jama'a, maganar nan da ke yawo cewa kamfanoni na zuba garin katako a abinci, akwai ƙamshin gaskiya. Sunansa selulos, daga itace ake tace shi, a jikin kwali E460 ake rubutawa. Ba guba ba ne. Akwai shi a zogale da kabeji, ciki ba ya narkar da shi, wucewa yake.

Ni damuwata algus. A 2016 Bloomberg ta sa an gwada garin cuku a Amurka, aka samu wani da selulos kusan kashi 9 cikin 100. Kaɗan ya isa ya hana garin dunƙulewa, sauran fa? Ka biya kuɗin cuku a auna maka itace, ai tauye mudu ne.

Don Allah mu riƙa duba bayan kwali kafin mu biya.