Shekara bakwai domin minti 23

A shekarar 1982 wani ɗalibi ɗan garin Preston mai suna Nick Park ya fara haɗa fim ɗin kammala karatunsa a makarantar koyon fim da talabijin ta ƙasar Birtaniya da ke Beaconsfield. Labarin bai taka kara ya karya ba: wani mutum, Wallace, da karensa Gromit sun ƙera kumbo sun tafi duniyar wata neman cuku. Fim ɗin, A Grand Day Out, bai fito ba sai 1989, kuma tsawonsa minti 23 ne kacal.

Duk wanda ya san yadda ake wannan sana'a ba zai yi mamaki ba. Ana gina 'yar tsana da yumɓun roba, a ɗauki hotonta, a ɗan gusar da hannunta, a sake ɗauka. Ko da hoto 12 ake yi wa kowace daƙiƙa, minti 23 na bukatar taɓawa fiye da 16,000, kuma mafi yawan shekarun farko Park shi kaɗai yake yi.

An saba bayar da wannan labari a matsayin shaidar haƙuri da baiwa. Gaskiya ne, sai dai rabinta ce. Haƙuri ba ya biyan kuɗin haya. Abin da ya kamata a tambaya shi ne wa ya ɗauki nauyin waɗannan shekaru. Makarantar ta ci gaba da tallafa masa. A 1985 kamfanin Aardman na Bristol ya ɗauke shi aiki, yana yi musu nasu, ciki har da kajin da ke rawa a bidiyon waƙar Sledgehammer ta Peter Gabriel, yana kuma lallaɓa nasa a gefe. Tashar Channel 4 ita ta ba da kuɗin Creature Comforts, gajeren fim na minti biyar wanda ya ci Oska a 1991, inda ya kayar da A Grand Day Out ɗin kansa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da tabbacin riba.

Kuma jinkirin ba asara ba ne, cikinsa aka samu abin da ya fi daraja. Da farko an yi nufin Gromit ya yi magana. Da Park ya ga wahalar motsa baki, ya lura cewa ɗan danna goshin karen da yatsa ya isa ya nuna shakka, ko takaici, ko tausayin ubangidansa, sai ya bar shi ba baki ɗungurum. Irin wannan ganowa ba ta zuwa wa mai gaggawa. Sai wanda ya yi watanni yana fuskantar ƙwallon laka guda. Har sawun yatsunsa ana gani a jikin 'yan tsanar, bai kuma goge ba.

Za a ce ai matashin yau ya fi Park gata, tunda wayar hannu da manhaja sun maye gurbin kyamarar da a da sai makaranta ke da ita. Haka ne, kayan aiki sun yi araha. Amma YouTube da TikTok suna fifita mai fitar da sabon abu kowane mako, shi kuwa mai wannan sana'a yakan wuni a kan 'yan daƙiƙoƙi. Don haka da yawa suke karkata ga tallace-tallace da guntayen barkwanci, fim ɗin da ke ransu yana ajiye a kwali. Masu raba tallafin fasaha da ke tambayar ɗan shekara 24 yawan mabiyansa kafin su saurare shi, da Park ne ya zo gabansu a 1984, da fim rabi da kare marar baki, da sun sallame shi.