Kafin Ka Kai Furojet Ɗinka Wurin Mai Walda

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan shekarar ƙarshe, akwai maganar da duk mun sani amma ba ma son faɗa a gaban malamai. Da yawa daga cikin furojet ɗin da ake jerawa ranar difens ba hannunmu ne ya yi su ba. A haɗa kuɗi, a kai zane wurin mai walda a cikin gari, bayan sati biyu a ɗauko a adaidaita, a goge ƙura, a tsaya kusa a ɗauki hoto. Ni ma saura ƙiris in bi wannan layin. Fallen alminiyam ɗaya da na lalata da hannuna ne ya dawo da ni.

Mu biyar ne a rukuninmu, muna haɗa 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da injin babur. Mun gama shasi, saura bodi. Muka zaɓi alminiyam, wanda iyayenmu ke kira sanholo, saboda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, injin babur kuwa ba ya son kaya. A takarda komai ya yi daidai.

Ranar yanka na ɗauko giranda da faifan da muka yanka bututun shasi da shi. Ban san alminiyam ba ya shiri da irin wannan faifan ba. Yana da laushi, kuma a wajen digiri 660 yake narkewa, sai ya riƙa liƙewa a jikin faifan har ya toshe shi. Faifan ya daina ci, ya koma zafafa fallen kawai. Bakin yankan ya fito kamar ɓera ya gwaguya. Ban daddara ba, na ja layi da ƙusa a inda za mu lanƙwasa. Muna lanƙwasawa ya tsage daidai kan layin. Falle guda ya tafi, alhali a cikinmu akwai wanda ya haƙura da abincin rana kafin ya kawo kasonsa.

Nan take aka yanke shawarar a kai wa mai gyaran bodin mota, a huta. Ni aka aika. Dattijon ya juya fallen ya dube ni.

"Injiniya, da haƙori ka yanka wannan?"

Na ce, "Baba, da giranda ne."

"To ka gode wa Allah da ya bar maka idonka. Faifan da ya toshe fashewa yake yi. Ajiye zanen, ka dawo jibi ka ɗauki kayanka."

Kalmar "injiniya" ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Na ce, "Baba, don Allah ni koya min za ka yi." Sai ya miƙo min kwalin taliya da almakashi, ya ce in fara yanka motar tawa a kwali.

A kwalin ne asirina ya tonu. Murfin gaban da na zana a kwamfuta yana da lanƙwasa ta fuska biyu, kamar bayan ƙwarya. Kwali ya ƙi kwanciya sai da ya tattare. Baba ya ce abin da kwali ya ƙi, falle ma ba zai yarda ba sai an buga shi an miƙar da shi, wannan kuma aikin shekaru ne. Dole na sake zanen, na mayar da shi fale-fale miƙaƙƙu masu lanƙwasa ɗaya ɗaya. Daga baya na karanta cewa Land Rover ta farko da aka fitar a Ingila a 1948 ma haka take: alminiyam aka yi bodinta da shi saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙin duniya na biyu, kuma yawancin fale-falenta miƙaƙƙu ne don a iya yin su da kayan aiki masu sauƙi.

Ga abin da na koya a kwana huɗu. Da maka ake yin layi, ba da ƙusa ba, domin karce shi ne mafarin tsagewa. Falle mai kaurin milimita ɗaya ko ɗaya da 'yan kai, almakashin kwano yana yanka shi, amma ka fara rage shi nesa da layi, sannan ka bi layin a karo na biyu, kuma kada ka rufe bakin almakashin har ƙarshe. In da zarton lantarki ne, ka matse fallen a kan katako, ka manna tef don kada ya karce, ka goga kyandir a haƙoran don kada su toshe. Ka bi bakin da magagari, domin yana yanka kamar reza. In ya yi tauri wajen lanƙwasawa, ka shafa sabulu a wurin, ka gasa a hankali, sabulun na yin baƙi ka janye wuta, ya yi laushi. Inda kuma zai haɗu da ƙarfen shasi, ka raba su da fenti ko roba, in ba haka ba damina na zuwa alminiyam ɗin zai fara cinyewa.

Na san abin da wasu za su ce: mu masu zane da lissafi ne, yanka aikin masu sana'a ne. Wasu har za su kawo misalin Jelani Aliyu, wanda ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya je Amurka ya zana motar Chevrolet Volt. Gaskiya ne, zane sana'a ce babba. Amma ko manyan kamfanonin mota sai sun sassaƙa siffar mota da yumɓu sun taɓa ta da hannu kafin su buga falle. Ni kuwa na zana abin da ba zai yanku ba, kuma da Baba ya gyara min shi a ɓoye, da na fita da difloma ban taɓa sanin na yi kuskure ba.

Wasu kuma za su ce babu lokaci, babu kuɗin ɓata kaya, wokshof ma sau da yawa a rufe yake ko babu wuta. Wannan uzurin yana da nauyi, shi ya sa nake da roƙo ga ƙungiyarmu ta ɗalibai. A cikin kuɗin da muke biya duk shekara, a sayi almakasan kwano, magagarai, abin buga ribit da gilasan kare ido, a riƙa ba da aronsu da katin shaida. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar wuta. A nema mana izinin buɗe wokshof da yamma a zangon furojet. Sannan a riƙa gayyato irin su Baba, a biya su, su koya mana a fili.

Ku kuma 'yan aji ɗaya, in lokacinku ya zo, ku je wurin mai sana'a, amma kada ku ajiye zane ku tafi. Ku tsaya, ku karɓi almakashin. Ku nemi guntayen falle wurin 'yan gwangwan ku fara ɓatawa a kansu.

Motarmu ba kyakkyawa ba ce, ƙofar hagu ma sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Amma ranar difens, duk fallen da malami ya nuna da biro, zan iya faɗa masa da me aka yanka shi da dalilin da ya sa.