Sharhi: Ƙarin karatun malamai da makomar aji ɗaya a Yangoji

A Yangoji da ke Ƙaramar Hukumar Kwali, kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, yara da dama kan shiga aji ɗaya da Gwari, Bassa ko Hausa a bakinsu, su tarar da littafin Turanci. Koya wa irin waɗannan yara haɗa baƙi fanni ne mai zaman kansa, wanda takardar NCE, mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, ba ta cika wadatar da malami da shi ba.

Hanyar zurfafa ilimi ba ta toshe ba. Jami'ar Abuja na nan kusa a Gwagwalada, kuma tun 2017 Jami'ar Bayero ta Kano ta kafa cibiyar bincike kan koyar da karatu, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jihar Florida ta Amurka.

Matsalar ita ce abin da ke biyo bayan digirin. Sau da yawa malamin da ya yi digiri na biyu kan koma ofis ko sakandare, domin can ne girma yake, a bar ƙananan azuzuwa ga sababbin hannu. Da wuya a zarge shi. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Saboda haka, duk tallafin ƙaro karatu da hukumar UBEC ko ƙananan hukumomi za su bayar ya kamata ya zo da alawus na musamman, da sharaɗin komawa aji ɗaya zuwa uku.