Tambayoyi Uku Kafin A Ce "Tawa Ta Ƙare"

 A wannan makon za mu taɓo ranar da kowane ɗalibi ke fargaba, wato ranar da sakamako ya fito bai yi kyau ba.

Mun san wannan rana domin mun ɗanɗana ta. Mu uku ne daga aji ɗaya muka shiga shagon intanet duba sakamakon WAEC, muka fito kowa da D7 a lissafi. Sauran darussan mun ci, amma kwas ɗin da muke so sai da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Abokanmu suka wuce jami'a, mu muka zauna gida shekara guda. Zaman bai fi damunmu ba kamar abin da zuciya ke raya mana cikin dare: "Tawa ta ƙare. Ni daƙiƙi ne. Ba abin da zan iya a duniya."

Sai da muka shiga jami'a muka gano ashe masana sun daɗe da sanin wannan murya. Martin Seligman, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, ya shafe shekaru yana nazarin abin da ke sa wani ya miƙe bayan faɗuwa, wani kuma ya sare. A littafinsa Learned Optimism ya nuna cewa babban bambancin yana cikin bayanin da mutum ke yi wa kansa. Mai sarewa yakan ɗauka matsalar ta har abada ce, ta shafi komai na rayuwarsa, kuma shi kansa ne matsalar. Daga nan muka tsamo tambayoyi uku. Ku ɗauki biro da takarda, ku rubuta maganar da zuciya ke faɗa yadda take, ba gyara, sannan ku titsiye ta.

Ta farko: har abada ne, ko na wani lokaci ne? Zuciya ta ce mana ba za mu taɓa shiga jami'a ba. Amma WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ga masu zaman kansu kowace shekara, JAMB ma kowace shekara ake yi, kuma makarantu da dama na karɓar sakamakon zama biyu a kwasa-kwasai masu yawa. Ashe shekara ɗaya muka rasa, ba rayuwa ba. Ku riƙa ƙara kalmar "tukuna" a ƙarshen magana. "Ban ci lissafi ba" ƙofa ce a kulle. "Ban ci lissafi ba tukuna" ƙofa ce da aka saya.

Ta biyu: komai ne ya lalace, ko abu ɗaya ne? Ku rufe ido ɗaya, ku kara babban yatsa a gaban ɗayan, za ku ga ya tare muku Dutsen Dala gaba ɗaya. Yatsan bai fi dutsen girma ba, kusa da ido ne kawai. Haka damuwa take. Ku janye ta kaɗan, ku lissafa a takarda abin da bai taɓu ba: lafiya, darussan da kuka ci, iyayen da ke tare da ku, sana'ar da hannunku ya iya. Ɗaya daga cikinmu a shekarar zaman nan ya koyi gyaran waya, kuma da ita yake sayen littattafai a yau.

Ta uku: ni ne, ko abin da na yi ne? A nan sai an yi hattara, domin ba cewa muke a ɗora wa wasu laifi ba. Da muka zauna muka faɗa wa kanmu gaskiya, sai muka ga abubuwa biyu. Mun yi zango guda ba malamin lissafi, wannan ba a hannunmu yake ba. Amma kuma ba mu taɓa tambayoyin shekarun baya ba sai saura mako biyu, alhali ba a fafe gora ranar tafiya, wannan namu ne. "Ni daƙiƙi ne" ba ta da magani. "Na makara wajen shiri" tana da shi. Muka riƙa haɗuwa a zaure kullum bayan la'asar muna warware tambayoyi goma, kuma a zama na biyu dukkanmu muka haye.

Kada mu yaudare ku, wannan dabara ba ta share kowane hawaye. Wanda ya rasa mahaifi ya yi rashi na har abada. Abin da ba ya dawwama shi ne zafin kwanakin farko. Kuma idan baƙin ciki ya kai mako biyu bai sassauta ba, barci ya ƙi, abinci ya ƙi shiga, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, to magana ta wuce takarda da biro. Ku faɗa wa iyaye, ko malamin da kuka amince da shi, ko a je asibiti a ga likita. Mai ɓoye ciwonsa shi ke wahalar da kansa.

Ga aikin gida: kada ku jira babbar faɗuwa. A wannan makon, duk ƙaramin abin da ya ɓata muku rai, ko gwajin aji ne ko saɓani da aboki, ku gwada masa tambayoyin nan uku. Wanda ya saba da su a ƙaramin abu, zai same su a hannu ranar babba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.