Zuwa ga Kyaftin Rabi'u Ali Pele, daga ƙasar Gumel



 Ba ka san ni ba, kuma babu dalilin da zai sa ka san ni. Ni ɗaya ne daga cikin mutanen ƙasar Gumel da suka daɗe suna bin wasanka daga nesa, yau a rediyo, gobe a bakin direbobin da suka dawo daga Kano, jefi-jefi kuma a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata idan aljihu ya yarda. Na rubuto maka a fili ne saboda maganar da ke bakina ta shafi wasu yara da ba su da hanyar isowa gare ka.

Kada ka yi mamakin ɗan Jigawa yana kiran Kano Pillars, Sai Masu Gida, tasa. Lokacin da aka kafa ƙungiyar a 1990, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar duk a Jihar Kano suke, sai a watan Agustan 1991 aka yanka mana Jigawa. An raba ma'aikata da ofisoshi da motocin gwamnati, amma ba wanda ya zauna ya raba magoya baya. Muna da Jigawa Golden Stars, muna kuma yi mata fatan alheri, sai dai ta sha hawa da sauka, kuma ko a shekarun da take babbar gasa ta sha buga wasanninta na gida a wajen jihar. Shi ya sa har yau idan Pillars ta sha kashi, mai shayi a Gumel ma sai ka gani a fuskarsa.

Yawancin mutanenmu ba a rigar Pillars suka fara ganin ƙafarka da idonsu ba, don ba kasafai ake nuna gasar gida a talabijin ba. A koriyar rigar Najeriya suka gan ka, a watan Janairun 2014, lokacin gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi. Ka ci Mozambik biyu a wasan rukuni. Amma wasan Maroko shi ne wanda har yanzu ake tadinsa a nan. Ina cikin wani gidan kallo na kwano da benci a ranar, janareto na ƙugi a baya, sanyin hunturu na shigowa ta ƙasan ƙyaure. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura mana uku ba ko ɗaya. Mutane suka fara zare jiki ɗaya bayan ɗaya, wani yana neman a mayar masa da kuɗinsa, mai gidan kallon yana rantsuwa cewa ba shi ya tsayar da 'yan baya ba. Da aka dawo Ugonna Uzochukwu ya farke ɗaya, ba a jima ba kai ka ƙara ta biyu. Ihun wannan ta biyun ne ya dawo da waɗanda suka fita, wasu da kofin shayi a hannu, suka tsaya a bakin ƙofa don an riga an cinye musu wuri. Ejike Uzoenyi ya farke ta uku dab da tashi, aka ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Wani dattijo da ke gefena, wanda bai taɓa damuwa da gasar gida ba, ya juyo yana tambaya a wace ƙungiyar Turai wannan yaron yake. Aka ce masa a Kano yake. Ya ce ƙarya ne.

Wannan "ƙarya ne" ita ce cutar da ke damun mu, Kyaftin. An riga an saka wa mutane a rai cewa duk wanda ya iya ƙwallo ba ya zama a gida, wanda ya zauna kuwa rashin iyawa ce ta zaunar da shi. Najeriya ta zo ta uku a waccan gasar, Keshi ya tafi da wasu daga cikin abokan tafiyarka gasar cin kofin duniya ta Brazil a shekarar, kai ba ka samu shiga ba. Ka koma Kano ka ci gaba da aikinka. A wannan shekarar ce Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya karo na uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi, kana tsakiyar fili a dukkansu. Da aka sake zuwa CHAN a 2018 a Maroko da Salisu Yusuf, kai ɗin dai aka sake nema, har aka kai wasan ƙarshe, ko da yake masu masauki sun rama abin da aka yi musu da ci huɗu ba ko ɗaya.

Dubi waɗanda kuka sha gumi tare. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya tafi Holan, daga nan CSKA ta Mosko, sai Leicester a Ingila, sai Saudiyya, sai Turkiyya. Shehu Abdullahi ya bi ta Kuwait da Fotugal da Saifurus da Turkiyya. Allah ya sanya albarka a tafiyarsu, babu mai hankalin da zai ce sun yi kuskure. Amma dukansu biyun da suka waiwayo gida, kai suka tarar a wurin, da ƙyallen kyaftin a damtse, ka haura shekara arba'in kana buga bugun tazara kamar ba abin da ya sauya. Masu lissafin kuɗi za su ce su ne suka ci riba, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni abin da na sani shi ne, yaron da aka haifa shekarar da kuka fara jera kofuna yanzu ya isa shiga sakandare, kuma bai taɓa sanin Pillars babu kai ba.

Ba zan yi maka daɗin baki in ce zaman nan hutu ne ba. Ka fi ni sanin abin da ke cikinsa: kwana a mota daga Kano zuwa Fatakwal ko Aba, a sauka da kumburarriyar ƙafa a shiga fili, filin ma wani kamar an yi shuka an girbe. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a wajen Abaji, kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Muhammad. A shekarar ce kuma Nasarawa United ta zo har gida ta karya tarihin da aka yi shekara goma sha biyu ana tinƙaho da shi na rashin cin Pillars a Kano. Sai kuma Asaba a 2018, wasan ƙarshe na kofin Aiteo da Enugu Rangers, inda kuka yi gaba da ci uku ba ko ɗaya, aka farke su duka, aka kuma ɗauke kofin a bugun fanareti. 'Yan wasan da suka ɗanɗana uku-ba-ko-ɗaya ta fuska biyun nan, sau ɗaya da dariya sau ɗaya da hawaye, ba su da yawa a duniya. Shekara na zagayowa Pillars ta ɗaga wannan kofi a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes, shi ma a fanareti, karon farko a tarihinta.

Akwai kuma abin da ba zan tsallake ba, don mai ƙaunarka shi ke faɗa maka. Abin da ya faru a Agege a watan Yunin 2019, bayan wasan da kuka yi kunnen doki da Rangers, ka tunkari alƙalin wasa, magoya baya suka ɓalle cikin fili, hukumar gasa ta dakatar da kai wasa 12 ta ci ƙungiya tara, bai yi mana daɗi ba. Na san zafin da ke sa mutum haka, amma kyaftin a Kano ba shi da ikon yin fushi irin na kowa, domin idan ya ɗaga hannu mutum dubu ne ke tashi tsaye. Na kawo maganar ne saboda yaran da nake shirin roƙa musu suna buƙatar su ji wannan ma daga bakinka, ba labarin kofuna kaɗai ba.

Abin da ya fi ɗaga darajarka a idona ya zo ne a 2022, shekarar da Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji. A irin wannan lokaci ne ake gane ɗan gida da ɗan haya. Turawa har yau suna yabon Del Piero da Buffon don sun bi Juventus zuwa rukuni na biyu a 2006. Kai ma ka bi taka, ka shiga filayen da ko inuwar zama babu, aka dawo babbar gasa a 2023. Da a wata ƙasa ce da tuni an rubuta littafi a kai.

To ga abin da ke tafe da ni.

A ƙasarmu akwai yara masu ƙafa. Ba cika baki nake ba. Da la'asar sakaliya, ka je bayan kowace makarantar firamare daga Gumel har Sule Tankarkar, za ka tarar da su, rabi da takalmi rabi babu, raga kuwa sanda biyu ce da igiya. Ƙasarmu rairayi ce, ƙwallo ba ta gudu a kai, idan ka tura ta a ƙasa sai ta mutu a rabin hanya. Wannan ya sa yaranmu suna da ƙarfin cinya da numfashi, amma ya koya musu mugun hali: kowa ɗaga ta sama yake, a bi ta da gudu. Mai yanka yana da yawa, mai gudu ya fi yawa. Abin da babu shi ne yaron da zai waiga kafin ƙwallo ta iso shi, ya san inda zai ajiye ta tun tana hanya, ya san lokacin da za a rage wuta da lokacin da za a hura ta. Wannan ba a koyonsa a gidan kallo, don kyamara ƙwallo take bi, ba ta nuna abin da ɗan tsakiya ke yi sa'ad da ba ta ƙafarsa. Sai wanda ya yi shekaru yana yi ya tsaya a kan yaro ya ce masa tsaya nan, juya haka, kada ka karɓa da wannan ƙafar. Shi ne kuma abin da ya riƙe ka a fili bayan sa'o'inka duk sun jingine takalma.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. Mu a bakin iyaka muke. Daga Maigatari taku kaɗan ne ka shiga Nijar, hanya ta miƙe zuwa Damagaram, daga can Agadas, sauran kuwa kowa ya san inda take kaiwa. Yaron da ya taso yana ganin motoci na wucewa arewa ba ya rasa mai raɗa masa cewa arzikinsa na can gaba. Na san wani magidanci da ya kai bijiminsa na huɗa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya haɗa da kuɗin riɗin da ya noma, ya damƙa wa wani mai kiran kansa ejan, wanda ya yi alkawarin kai ɗansa gwaji ƙasar waje. An yi hoton fasfo, an sayi jaka, yaro ya yi sallama da abokai. Daga ranar wayar mutumin ba ta ƙara shiga ba. Da damina ta zo sai haya suka yi ta shanun huɗa. Yaron nan ya iya ƙwallo, ba a taɓa ce masa akwai wata hanya da ta bi ta ƙungiyar unguwa, ta bi ta gasar jiha, ta kai mutum Dutse ko Kano ba. Ko an faɗa masa ma ba zai yarda ba, sai ya ga wanda ya bi ta ya tsira da mutuncinsa. Idan ni na faɗa, surutun malamin da bai taɓa buga ƙwallo a gaban mutum dubu ba ne. Idan kai ka faɗa, magana ta zauna.

Ba kuɗi nake roƙo ba, ba kuma makarantar ƙwallo mai katanga da allo ba. Irin waɗannan mun ga an buɗe da kaɗe-kaɗe an rufe ba sallama. Yini biyu nake roƙo, lokacin hutun gasa. Ka zo da mutum biyu ko uku cikin tsofaffin abokan wasanka, a tara masu horar da ƙungiyoyin unguwa na ƙananan hukumomin nan huɗu, waɗanda yawancinsu malaman makaranta ne da teloli da masu gyaran babur da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsu. Su za ka koya wa, don su ne za su zauna da yaran bayan ka tafi. Sannan a bar iyaye su zo su yi maka tambaya a kan ejan da kwantiragi da abin da ɗan wasan gida ke samu da abin da ba ya samu, ka ba su amsa tsakani da Allah. Yanzu da aka damƙa wa Ahmed Musa ragamar gudanar da Pillars a 2025, ba na jin aron motar ƙungiya da 'yan ƙwallaye zai gagara. Idan kuma a cikin yaran ka ga ɗaya ko biyu da suka cancanci a gwada su a ƙaramar ƙungiyar Pillars, to falillahil hamdu.

Hanya ba ta da wuya: daga Kano ka bi ta Gezawa, ka wuce Gujungu, sai Gumel. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama girbi, kafin zafin bazara ya sauko, don da damina yaran duk suna gona. A kauce wa ranar Alhamis, domin rabin masu horarwar da iyayen yaran suna kasuwar Maigatari. Masauki da abinci kuwa wannan namu ne.

Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ƙafa, ya sa a gama da ƙwallo lafiya.

Naka,
wani mai goyon bayan Sai Masu Gida,
Gumel, Jihar Jigawa.